Kebul ɗaya da Baba mai shara ya mayar wurinsa

Ranar wata Talata ce cikin hunturu, ana saura kwana huɗu ɗalibai su zo jarrabawar gwaji, Alhaji ya kira ni wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Injiniya, komai ya tsaya. Ga wuta, ga janareta a shirye, amma ko kwamfuta ɗaya ba ta ganin sabar." Sabar ita ce babbar kwamfutar da duk sauran suke dogara da ita. Cibiyar tasa ta jarrabawar kwamfuta ce, irin waɗanda suka yawaita a Kano tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015. Kujeru 250 da 'yan kai, suwic (na'urar da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinta) shida masu kafa 48, wato ramukan soka kebul, a cikin zaure, da babba guda a ɗakin sabar wanda duk suke komawa gare shi. Ni na ja kebul ɗin wurin, ni na saita suwic ɗin. Tun a cikin adaidaita sahu na san ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Ina buɗe ɗakin sabar na gane ciwon, tun ban ajiye jaka ba. Fitilun suwic mai lafiya kowacce ƙiftawarta daban, wannan ta yi, waccan ta huta. Ranar kuwa duk baki ɗaya suke yi, kamar 'yan makarantar allo suna biya karatu, kuma da saurin da har ido ke ganin kamar a tsaye suke. Na jona laftof ta kebul, na aika ping, ɗan saƙon gwada ko na'ura za ta amsa, shiru. Shafin saitin suwic ya ƙi buɗewa. Sai da na ciro shuɗin kebul ɗin konsol daga ƙasan jaka, na shiga cikin suwic ɗin kai tsaye a kan gudun 9600, a nan ma in na danna harafi sai ya yi nawa kafin ya fito. Abin da ke ta gangarowa a allo layi ɗaya ne yana maimaita kansa, mai ɗauke da kalmar MACFLAP: wai adireshin MAC na sabar, lambar da suwic ke gane ta da ita, yanzu yana wannan kafa, yanzu yana waccan. Sabar kuwa ga ta nan a gabana, ko motsi ba ta yi ba.

Lup ke nan. Hanya ta zagayo ta haɗe da kanta.

Wanda bai taɓa gani ba zai yi mamakin yadda kebul ɗaya zai kwantar da kwamfuta 250. Dalilin yana cikin halittar Ethernet ɗin kanta, tsarin da kwamfutoci ke magana da shi ta kebul. Idan kwamfuta tana neman wata, ko tana neman a ba ta adireshin IP, lambar da ake kiranta da ita a hanyar sadarwa, shela take yi wa kowa da kowa, suwic kuma aikinsa ya fitar da shelar ta kowace kafa ban da wadda ta shigo. To in kafa biyu suna haɗe da juna, abin da ya fita ta wannan sai ya dawo ta waccan a matsayin sabuwar shela, a sake rarraba shi, ya sake dawowa. Saƙo a hanyar sadarwa ƙunshi-ƙunshi yake tafiya. Ƙunshin IP yana da lambar ƙarewa da ake kira TTL, Windows kan fara da 128, Linux da 64, duk rauta (na'urar da ke haɗa wata hanyar sadarwa da wata) da ya bi ta kansa sai a rage ɗaya, in ta kai sifili a jefar. Ƙunshin Ethernet ba shi da wannan. Ba ya tsufa, ba ya mutuwa. Kowace sabuwar shela tana hawa kan ta baya, kuma kafa mai gudun gigabit ɗaya tana iya ɗaukar ƙananan ƙunshi kusan miliyan ɗaya da rabi a daƙiƙa guda. Cikin ɗan lokaci hanya ta cika da tsohon zance, sabo bai sami wurin wucewa ba. Ga kuma ruɗewar suwic: yana koyon inda kowa yake ne daga kafar da ya ji muryarsa, yanzu kuwa muryar sabar tana dawo masa daga ƙarshen zaure, sai ya riƙa tura saƙonta can.

Neman inda lup yake ba ya buƙatar wata dabara ta musamman. Na tsaya gaban babban suwic ina zare kebul ɗin da ke zuwa daga zaure ɗaya bayan ɗaya, ina kallon fitilu. Na farko, ba canji. Na biyu, na uku, haka. Ina zare na huɗu ɗakin ya yi tsit a ido, fitilu suka koma ƙiftawar da na sani. Na mayar da ukun farko, na tafi wurin suwic na huɗu na sake yin haka kafa bayan kafa, har na isa wata da ta kai ni layin baya, ƙarƙashin tebur. Can na tarar da ɗan ƙaramin suwic mai kafa 8, marar saiti, irin na soka-ka-tafi, wanda aka ƙara lokacin da aka cusa wasu kujeru a lungu. Wani kebul ruwan toka ya fita ta kafa ta uku, ya bi bayan tebur ya zagayo, ya shiga ta bakwai.

Baba mai shara yana tsaye da tsintsiya yana kallona. Na ɗaga kebul ɗin, sai ya ce, "Ai ni na mayar da shi, ɗana. Na gan shi a ƙasa cikin ƙura, na ce kada yara su taka. Na ga rami daidai shi, na sa." Ashe an ɗauke kwamfutar wurin an kai gyara, aka bar kan kebul ɗin a yashe. Alhaji ya buɗe baki zai fara faɗa, na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, wallahi ba laifin Baba ba ne." Ya ɗauka kara nake yi wa dattijo. Gaskiya nake faɗa.

Wata biyar kafin ranar, an dame ni da ƙorafi ɗaya: duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, ko aka kunna kwamfutoci da safe, wasu sai su tashi da adireshin da ya fara da 169.254, alamar sun nemi adireshi ba su samu amsa ba. Na bincika na ga kafar suwic ce ke yin daƙiƙa 30 tana lemo kafin ta zama kore, kwamfutar kuma ta riga ta gama tambaya ta gaji. Ina sauri, ga wani aiki yana jirana a Sabon Gari, sai na rubuta no spanning-tree vlan 1 a kan suwic ɗin kamfanin Cisco, guda biyun da ba na Cisco ba kuma na shiga shafin saitinsu na cire alamar da ke gaban STP, wato Spanning Tree Protocol, tsarin da ke hana lup. Kafofi suka riƙa zama kore nan take. Aka yi mini godiya har da kuɗin mota. Garin neman gira na bar ido a hannun tsintsiyar Baba.

Wannan abin da na kashe, shi aka ƙirƙira musamman don ranar Talatar nan. Radia Perlman ce ta tsara shi a 1985 tana aiki a kamfanin DEC, hukumar IEEE ta mayar da shi ƙa'ida a 1990 da lamba 802.1D. Suwic masu saiti suna aika wa juna 'yar wasiƙa da ake kira BPDU duk bayan daƙiƙa 2. Ta cikinta suke zaɓen guda ɗaya ya zama tushe, kowa ya auna hanyarsa mafi sauƙi zuwa tushen, duk wata hanya da ta yi saura a toshe ta, a ajiye don ranar da ta farko ta yanke. Daƙiƙa 30 ɗin da ta dame ni kuwa ba lalaci ba ne: 15 na sauraro, 15 na koyon adireshi, don a tabbata buɗe kafar ba zai rufe zobe ba. In hanya ce ta mutu daga nesa, akan ƙara 20 na jira, ya zama 50. An daɗe da magance wannan jinkiri. RSTP, wato STP mai sauri, ya fito a 2001 da lamba 802.1w, yana gyara hanya cikin 'yan daƙiƙu ko ƙasa da haka, kuma tun kafin shi akwai hanyar gaya wa suwic cewa wannan kafar kwamfuta ce kawai a bayanta, buɗe ta nan take. Duk na san wannan a lokacin. Layi ɗaya ya fi layi goma sauƙin rubutawa, shi ke nan.

Alhaji ya so ya ɗora laifin kan kayan hannu da muka saya. Na ba shi labarin asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston a Amurka, asibitin koyarwa na Harvard, wanda a watan Nuwamban 2002 hanyar sadarwarsa ta durƙushe kusan kwana huɗu, likitoci suka koma rubuta sakamakon gwaji a takarda ana kaiwa da ƙafa. Su ba kashe STP suka yi ba. Hanyar tasu ce ta yi ta girma, ana jona suwic kan suwic shekara da shekaru, har ta wuce tsallake 7 da ainihin lokutan ƙa'idar suka ɗauka a matsayin iyaka. Ya ce, "To mu namu nawa ne?" Na ce daga kowace kwamfuta zuwa sabar bai wuce uku ba. Ya ce to alhamdulillahi, a gyara.

Na bari sai bayan isha'i, don sauya tsarin STP yana katse hanya na ɗan lokaci. Da yarona muka zauna, shi da laftof yana aika ping -t zuwa sabar ba tsayawa, ni a kan konsol.

Ina mayar da STP na rubuta show spanning-tree, sai na ga abin dariya. Tushen ba babban suwic na ɗakin sabar ba ne, ɗaya daga cikin biyun nan ne masu shafin saiti, wanda ke can ƙarshen zaure. A zaɓen tushe mai ƙaramar lamba ke ci, kuma kusan kowane suwic yana fitowa daga kwali da lambar fifiko 32768. In an yi kunnen doki sai a duba adireshin MAC, mafi ƙanƙanta ya ci, abin da ya sa sau da yawa tsohon suwic ɗin da ya fi kowa gajiya ke zama sarki. A wurinmu ma ba a kai ga nan ba: na Cisco suna ƙara lambar VLAN, wato rukunin da aka sa kafofi a ciki, a kan fifikonsu, suna cewa 32769, waɗancan biyun suna cewa 32768, da tazarar ɗaya suka kayar da su. Kuma wanda ya ci ɗin a soket ɗin bango yake, ba ya kan inbata. Wato duk ɗaukewar wuta sarki ya mutu, a sake zaɓe, wuta ta dawo ya karɓe kujerarsa, a sake lissafi. A garin da ake ɗauke wuta sau nawa a yini, wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ciwon kai da ba zai gane tushensa ba.

Saboda kayan namu gauraye ne, na zaɓi MSTP, wani nau'in STP wanda dukkansu suke ji da yare ɗaya, maimakon tsarin Cisco na lissafin hanya daban ga kowane VLAN. Sharaɗinsa abu uku su zama iri ɗaya a kowane suwic: sunan yanki, lambar bita, da rabon VLAN. Ko harafi ɗaya ya bambanta, babba da ƙarami, suwic zai ɗauki kansa a wani yanki daban. A kan babban na rubuta:

spanning-tree mode mst
spanning-tree mst configuration
name ZAURE
revision 1
exit
spanning-tree mst 0 priority 4096

Lambar fifiko tana tafiya ne da tsallen 4096, daga 0 zuwa 61440. Na ba wa suwic na farko a zaure 8192 ya zama mai jiran gado, shi ma yana kan inbata. Akwai masu sa wa tushe 0. Ni ba na yi. Ina son in bar gurbi ɗaya a ƙasa, don ranar da zan kawo sabon suwic in so ya karɓi ragama ba tare da na taɓa tsohon ba. Wani abin da MSTP ya sauƙaƙa mini shi ne farashin hanya: a tsohon lissafi kafar gigabit 4 ce, ta megabit 100 kuma 19, a sabon lissafi gigabit 20000 ce. In rabin suwic ɗinka suna lissafi da wancan, rabi da wannan, za ka ga an toshe hanya mai kyau an bar marar kyau. A MSTP duk da sabon suke yi.

Sai kafofin kwamfutoci, inda ainihin matsalata take. Cisco na kiran abin PortFast, sauran suna rubuta Edge Port. Ma'anarsa a buɗe kafa nan take ba jiran daƙiƙa 30. Amma ban yarda a sa shi shi kaɗai ba, sai da abokin tafiyarsa BPDU Guard, wanda ke cewa: an gaya mini kwamfuta ce a nan, kwamfuta kuwa ba ta aika BPDU, saboda haka in na ji guda ɗaya zan rufe kafar.

interface range gi0/1 - 46
spanning-tree portfast
spanning-tree bpduguard enable
storm-control broadcast level 1.00

Kafar da aka rufe ta haka ba ta buɗe kanta sai an zo an ɗaga ta da hannu, ko an saita ta sake gwadawa. Na sa errdisable recovery cause bpduguard, na bar lokacin a daƙiƙa 300 yadda ya zo. In an cire kebul ɗin ɓarna, bayan minti biyar kafa ta dawo ba sai an kira ni daga gida ba. In ba a cire ba, ta sake rufewa.

Akwai wani saiti mai kama da shi a suna, BPDU Filter, yana zaune kusa da shi a shafin saiti. Yarona ya kai hannu zai danna, na ce, "Kai, ɗauke hannunka." Wannan in ka sa shi a kan kafa, ta daina aika BPDU ta daina saurara, daidai yake da abin da na yi wata biyar baya, sai dai a kafa ɗaya. Na taɓa tarar da shi a kunne a kan kafofi 24 a wani ofis, mai saitin ya ɗauka kariya ce.

Kafofin babban suwic da ke gangarawa zaure na sa musu spanning-tree guard root, ban da wadda ke zuwa wurin mai jiran gado, don kada wani ya jona suwic mai ƙaramar lamba ya ƙwace sarauta. Wasu matakan kariya biyu, Loop Guard da UDLD, sun fi amfani inda akwai zaren fayiba, wanda kan iya mutuwa ta ɓangare ɗaya, kafar da aka toshe ta daina jin BPDU ta ɗauka hanya ta kuɓuta ta buɗe. Mu duk tagulla ce a gini ɗaya, ban ɓata dare a kansu ba.

Wajen ƙarfe goma na ce wa yaron ya ɗauko kebul ɗin Baba. Ya ce, "Oga, da gangan?" Na ce da gangan. Saitin da ban gwada ba, ban san yana aiki ba. Muka je ƙarƙashin teburin nan, ya soka shi a kafa ta uku da ta bakwai kamar yadda aka yi da safe. Kafin ya miƙe fitilar kafar da ke ciyar da ƙaramin suwic ta mutu. Wasiƙar BPDU da suwic ɗin zauren ya aika ta zagaya ta dawo masa, ya rufe ƙofa. Kwamfuta biyar na lungun suka yanke, sauran zauren ko ping ɗaya bai faɗi ba.

Da na tsaya nan da na tafi gida da rabin gaskiya. Akwai ƙaramin suwic na biyu a ofishin rajista, na wani kamfani daban, muka je muka yi masa irin wannan. Shiru, kafa ba ta rufe ba. Shi wannan haɗiye BPDU yake yi, ba ya wucewa da ita, saboda haka suwic ɗin da ke ciyar da shi bai taɓa jin muryarsa ta dawo ba, alhali guguwa tana ta tasowa daga ƙasa. Abin da ya riƙe zauren a wannan karon shi ne storm-control: kashi 1 cikin 100 na gigabit megabit 10 ne, duk shelar da ta haura haka ana zubar da ita a bakin kafa. Ping ya ɗan yi nauyi amma bai yanke ba. Wannan ragewa ce kawai, lup ɗin yana nan. Suwic ɗin da ke ciyar da ofishin yana cikin masu shafin saiti, kuma yana da wani abu daban da STP mai suna Loopback Detection, wanda ke aika nasa ƙunshin gwaji ta kafa, in ya ga ya dawo ya rufe ta. A wasu kayan Loop Protect ake rubutawa, a ƙananan masu rabin saiti kuma Loop Prevention. Na kunna shi, muka sake gwadawa, kafa ta rufe. A kan na Cisco, duk kafar da na san akwai ƙaramin suwic a bayanta na ƙara mata storm-control action shutdown.

Multicast, wato aika saƙo ɗaya ga rukunin kwamfutoci a lokaci guda, ban matse shi ba. Cibiyar tana kwafa faifai ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa a lokaci guda ta wannan hanya, in na sa masa kashi 1 aikin awa ɗaya sai ya kwana.

Alhaji ya leƙo zai tafi gida, ya ga kebul ɗaya tak tsakanin babban suwic da na farko, ya ce me zai hana a sa biyu gudu ya ninka. Na ce in aka soka biyu haka kawai, da STP a kashe lup ne, da shi a kunne kuma zai toshe ɗaya ya bar ɗaya. In ana son su yi aiki tare sai an ɗaure su da LACP ta ɓangarorin biyu, suwic ya ɗauke su kafa guda. Ya ce a bar shi zuwa bayan jarrabawa.

Na rubuta write memory a kan kowanne. A masu shafin saiti kuma Apply daban, Save daban, wanda ya danna na farko ya manta na biyu, ɗaukewar wuta ɗaya za ta mayar da shi inda ya fara. Don in tabbata, na kashe suwic bakwai ɗin gaba ɗaya daga soket, na kunna, na sake duba tushe. Babban ne, da 4096 ɗinsa. Kwamfutoci suka tashi, kowacce da adireshinta, ba ko ɗaya mai 169. Kafofin da ba kowa a kansu na rufe su da shutdown, na ƙananan suwic biyun kuma, da ba su da saiti, na liƙe ramukan da baƙin salatif. Na rubuta wa Alhaji kuɗin jan kebul goma sha biyu kai tsaye zuwa lungun da ofishin, a fitar da su gaba ɗaya. Takardar tana kan teburinsa har yanzu.

Washegari na buga ƙusa a bango kusa da ƙofar ɗakin sabar, na ce, "Baba, in ka sake ganin kebul a ƙasa, don Allah rataye mini shi a nan." Ya ce to, Allah ya yi albarka. Ranar Alhamis da na koma duba wurin kafin ɗalibai su zo, na tarar da guda uku a kan ƙusar, ya naɗe kowanne ya ɗaure da leda, har da cazar wayar wani.